Ƙwallayen da Na Ɗora wa Isaka Ciko

Ku da kuke latsa waya lamba ta fito muku ta kowane ɗan wasa, har ku yanke hukunci wane ya fi wane kafin shayi ya huce, ku ne kuke ganin akawun ƙwallo ba ma'aikaci ba ne. Kwanan baya wani jikana ya ce mini, "Baba, ai zama kawai kuke yi a bakin fili kuna kallo kyauta." Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan zama tsakanin Yendi da Salaga da Bawku, kuma ban taɓa kallon wasa ɗaya irin kallon da kuke yi ba. In ƙwallo ta shiga raga, kowa ya miƙe yana ihu, ni kaina a sunkuye, idona a kan agogo.

Wasan farko da na rubuta a filin makaranta ne a Yendi, kafin ƙasar nan ta samu 'yancin kai. Ticha Mahama ne ya sa ni. Badagombe ne, malamin lissafi, shi ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta 'yan tasha tun kafuwarta. Ya miƙo mini takarda da fensir ya ce in rubuta duk abin da na gani. Aka tashi na kai masa shafi biyu cike: wane ya yi gudu, wane ya faɗi, rafali ya yi mana rashin adalci. Ya karanta, ya ninke, ya mayar mini.

"Wa ya ci ta biyu?"

"Ina jin Adamu ne, Ticha."

"Kana ji. A minti na nawa?"

Ya ce in je in dawo ranar Asabar, in bar jin nan a gida.

Shekara biyu na yi a bayansa. Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Agogon aljihu mai murfi, saboda na hannu gumi yana kashe shi. Fensir mai kofi, wanda ake lasa ya yi shuɗi, don rubutunsa ba ya goguwa, leɓenka kuma ya kwana uku da launi. Reza ta fiƙe shi. Rula ta katako. Guntun leda mai kauri da ake naɗe komai a ciki saboda ruwan sama. Sai littattafai iri biyu. Akwai ƙaramin na aljihu, wanda ake yi wa ƙazamin rubutu a bakin fili, minti da suna, minti da suna. Akwai kuma babban littafi mai baƙin bango da ke zaune a gida, wanda ake juye sakamako a cikinsa da tawada washegari, layi ɗaya kowane wasa: rana, gari, abokan karawa, ci nawa da nawa, waɗanda suka ci, sai gola.

Shi ya koya mini abin da yake kira abareji. Ka tara ƙwallayen da aka zura wa gola duka, ka raba da yawan wasannin da ya tsaya. Sannan ka yi haka ga dukkan gololin gasar a haɗe, abin da ya fito shi ne tsaka-tsakin kowa. In na mutum ya yi ƙasa da wannan, ya fi yawancin takwarorinsa. In ya haura, to akwai magana. Ranar da na fara gane wannan, gani nake na samu ma'aunin da ba ya ƙarya. Da aka yi wa Ticha canjin wurin aiki zuwa kudu, ya bar mini littattafan da agogon, ni kuma na ci gaba yadda na tarar, ban ƙara layi ko ɗaya ba.

Masu neman aikina kala-kala ne. Akwai masu musu a teburin mai shayi, su aiko a kira ni in raba gardama kan wasan da aka yi shekara uku baya. Akwai 'yan wasan da ke zuwa da lallami, a mayar musu da ƙwallon da wani ya ci, wai ƙafarsu ce ta taɓa ƙarshe. Akwai wani jami'in wasanni da kan zo daga Tamale sau ɗaya a shekara ya kwafi sunaye. Amma babban mai aikina shi ne Alhaji Gariba, shugaban ƙungiya, mai lori biyu. Shi ke sayen riguna, lorinsa ke kai mu wasan waje, don haka maganarsa ce ƙarshe.

Gola biyu muke da su. Na farko Sulemana, ma'aikacin ɗakin shan magani, dogo, mai tsabta, yana kama ƙwallo kamar an ɗauke shi hoto. Aikinsa ba ya barinsa ya kwana a wani gari, saboda haka yawancin wasanninsa a gida ne. Na biyu Isaka, mai gyaran keke a bakin kasuwa, gajere mai faɗin ƙirji, yatsunsa duk sun karkace. Ana ce masa Ciko, don shi ake cike gurbi da shi. In za mu Bawku, kwana biyu a hanya ta Nalerigu, a hau dutse a sauka, Isaka ne a raga. In za mu Salaga ruwa ya ci hanya, Isaka ne. In a gida aka taka Sulemana ya fita, ko aka yi mana ruwan ƙwallaye kafin hutun rabin lokaci har shugabannin ƙungiyoyin biyu suka yarda a canza gola, Isaka ne zai tuɓe rigar aiki ya shiga. Shekara shida yana haka.

Aikin da ya jawo mini shekarar wahala ƙarami ne, yini ɗaya na yi shi. Wani saurayi ya zo daga Kumasi, an ce ya iya tsaron raga, Alhaji yana son ya ba shi wuri. Gola uku sun yi yawa a bayan lori. Ya kira ni rumfarsa a tasha.

"Akawu, ba na son a ce na yi son kai. Kai ne mai littafi. Ka auna mini Sulemana da Ciko da sauran gololin gasar nan, ka kawo mini ranar Juma'a bayan masallaci."

Na zauna da babban littafi, na tara, na raba, na sake tarawa don kada in yi kuskure. Lissafin ya fito sarai. Sulemana yana ƙasa da tsaka-tsakin gasa sosai. Isaka ya haura shi, haurawa ba kaɗan ba. Ranar Juma'a 'yan wasa suka taru a rumfar, da direbobi da 'yan kamasho da duk wanda ba shi da aikin yi. Na miƙe na karanta da ƙarfi, har da gyaran murya.

Isaka yana tsugune a gefe, hannunsa da baƙin mai. Can ya ɗago.

"Akawu, ni ban yi makaranta ba. Amma in tambaye ka. Ranar da ƙungiyar mahautan Bawku ta zo nan, na shiga an riga an ci mu huɗu. Aka tashi huɗu da ɗaya. Huɗun nan, a littafinka, na wa ne?"

Na ce, "Littafi sunan golan da aka tashi da shi yake ɗauka."

"To," in ji shi. Ya miƙe, ya gai da Alhaji, ya tafi. Bayan sati biyu aka ce ya kwashe kayan gyaransa ya hau motar arewa.

Tambayar nan ta hana ni zama. In na zauna cin abinci sai in tashi in buɗe littafi. Daga baya na jawo kwalin da nake tara ƙananan littattafan aljihu, nawa da na Ticha, wasu gara ta fara ci. A nan ne minti yake, a nan ne aka rubuta lokacin da gola ya fita wani ya shiga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi ƙwallaye da yawa da na ɗora wa Isaka, lokacin da suka shiga yana bakin fili da rigar aikinsa. Sulemana kuwa, duk ranar da ta yi masa muni, sunansa ba ya cikin babban littafi sam, don ba da shi aka tashi ba. Ba wanda ya yi maguɗi. Layi ɗaya ne kawai Ticha ya ja wa gola, ni ma na gada.

Kafin in gama wannan bincike, gasa ta fara. Saurayin Kumasi ya yi wasa uku, ya ga hanyar Bawku sau ɗaya, ya koma garinsu ba sallama. Dole Sulemana ya riƙa roƙon izini a wurin aiki yana bin mu waje. A Salaga aka ci mu biyar. A Bawku ban ma son in faɗa. Mutumin nan da ke kama ƙwallo kamar hoto, a filin tsakuwa ya ƙi faɗuwa ƙasa, ga 'yan kallo a bayan raga suna kiran sunan uwarsa da Kusasanci. Shekarar ba mu ci wasan waje ko ɗaya ba. Gari kuma ya samu wanda zai ɗora wa laifi. In na wuce teburin mai shayi sai in ji, "Ga mai littafin da ya kori Ciko." Aka daina kirana raba gardama. Alhaji ya ce wurin zama ya yi kaɗan a lori, in riƙa jiran labari a gida. Akawun da ba ya zuwa fili, me zai rubuta?

Na je na samu Alhaji da gyararren lissafi. Ya duba sama-sama.

"Ko da ka cire waɗannan, ai har yanzu bai kai Sulemana ba."

"Alhaji, shi a waje yake tsayawa, Sulemana a gida."

"To sauran gololin gasar ba sa zuwa waje ne? Ka ce mini ma'auninka ba ya ƙarya. Yanzu kuma ka zo da wani. Gobe ma ka zo da wani."

Gaskiyarsa. Abin da nake buƙata shi ne in san abin da ake yi wa kowane baƙon gola a Salaga da Bawku, in auna Isaka da su. Wannan kuwa ba ya cikin littafina. Yana cikin littattafan mutanen can.

Tafiyar Salaga a bayan motar doya na yi ta. Mai riƙe da littafin 'yan goro, wato ƙungiyar garin, wani dattijo ne, Malam Bawa, mai awon goro a kasuwa. Kwana biyu yana yi mini kwana-kwana, yana zaton Yendi ce ta aiko ni leƙen asiri. A rana ta uku na buɗe masa nawa littafin na ce ya kwafi abin da yake so. Sai ya shiga ɗaki ya fito da nasa. Da ajami yake rubutu, kuma ba lamba yake sawa ba, labari yake bayarwa: suka zo, muka ci su, suka rama, muka ƙara, hadari ya taso aka tashi. Muka zauna a gindin rijiyar gidansa yana karantawa ina mayarwa lamba. In ya manta, sai ya ƙwalla wa maƙwabcinsa kira su yi ta musu ina jira da fensir a baki.

Da muka zo kan wasannin Yendi ya tsaya ya cire tabarau.

"Wannan gajeren naku mai karkatattun yatsu, ina yake? Bana ba mu gan shi ba."

Na ce ya bar ƙungiya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Yaranmu sun tsane shi. Ranar da yake raga sai mun yi gumi kafin mu samu ɗaya."

Daga Salaga na koma Yendi na kwana ɗaya, na kama hanyar Bawku. Motar ta lalace a gindin dutse, muka tura, ta sake lalacewa, na ƙarasa a bayan motar albasa da ta juyo ba kaya. Da na isa aka ce mini akawun mahauta ya rasu tun da damina. Aka nuna mini gidansa. Matarsa, Mma Azara, tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Na yi mata gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta nuna mini takardar da ta naɗe wa wata mata ƙosai a ciki yanzun nan. Shafin littafin ne.

"Ɗana, ni ban san abin amfani ba ne. Mai shi ya tafi, 'yan ƙwallon ba wanda ya zo ya tambaya."

Ta shiga ta ɗauko abin da ya rage. Littafi biyar ne, ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗaya saura rabi. Na je kasuwa na samo mata tarin tsofaffin jaridu, ta ba ni littattafan aro. Kwana huɗu na yi a zauren wani mahauci ina kwafa. Inda shafi ya ɓace na bar gurbin fari, ban cike da ka ba. Wannan ku riƙe shi: abin da ba ka gani a rubuce ba, ba ka da shi.

A zauren nan na yi lissafin na uku. Na ware wasan gida daban, na waje daban. Na ware ƙwallayen da gola ya tarar da waɗanda aka ci shi. Na fitar da tsaka-tsakin abin da ake zura wa baƙon gola a filayen nan biyu, na ajiye na Isaka kusa da shi. Na sake yi sau uku, don na riga na ga abin da gaggawa ta jawo. Duk baƙin gololin da suka tsaya a Salaga da Bawku cikin shekarun da nake da shafinsu, biyu ne kawai suka fi shi. Sauran duk yana gabansu, yawancinsu da nisa.

Mahaucin ne ya gaya mini inda Isaka yake. Yana Kulungugu, bakin iyaka, yana gyara kekunan 'yan fatauci, ranar wasa kuma yakan shigo Bawku. Na hau keken haya na tafi. Na same shi a ƙarƙashin bishiya ya kifa keke yana ɗaure sarƙa. Ya amsa sallamata, ya tura mini benci da ƙafa, bai daina aiki ba. Na zaro takardar na fara bayani, gida da waje, wanda ya tarar da wanda aka ci shi. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Akawu, duk wannan hanyar ka biyo don ka gaya mini na iya tsaron raga?"

"Na zo in gaya maka na yi kuskure."

"Ni ai na sani tun ranar. Ba ni ne ban sani ba." Ya juya feda, ya saurari ƙarar sarƙar. "Waccan takardar a tasha ka karanta ta, gaban direbobi. Wannan kuma ka kawo mini ita gindin bishiya, daga ni sai kai sai akuya."

Washegari na kama hanyar gida. Ranar Juma'a bayan masallaci na je rumfar Alhaji ba tare da an kira ni ba, na hau kan tayar lori, na karanta. Na fara da cewa lissafin bara nawa ne kuma ba daidai ba ne, na faɗi inda ya karkace, sannan na karanta sabon. Wasu suka yi dariya, wani ɗan kamasho ya ce a sauko da ni. Sulemana ne ya tsaya ya ce a bar ni in gama, ya ce shi ya tsaya a filin Bawku, ya san abin da ake nufi. Alhaji ya aika direbansa da saƙo Kulungugu. Amsa ta dawo cewa Isaka yana gaisuwa, ya yi aure a can, kuma ya riga ya ba mahauta alkawari.

Tun daga ranar na sake ja wa babban littafi layuka. Gola ya samu gida uku: wanda ya fara, wanda ya shiga, da minti. Na rubuta wa Malam Bawa da sabon akawun Bawku, su ma suka bi. Alhaji ya mayar mini da wurina a lori, kan buhun ƙwallaye.

Shekarar da ta biyo muka je Bawku. Ina zaune a bakin fili sai ga Isaka a bencin mahauta da rigar aiki. Can ma ciko yake yi. Muka ci su biyu kafin hutu, golansu ya gurɗe a ƙafa wajen ta biyun. Isaka ya tuɓe riga. Maimakon ya nufi raga, sai ya biyo ta wurina ya tsaya a kaina. Na buɗe littafin aljihu, na ɗora rula a ƙarƙashin ƙwallaye biyun, na lasa fensir, na ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, na rubuta sunansa a ƙasa. Ya duba, ya wuce.

Abin da ya yi mana a rabin nan na biyu, sai wanda ya gani. Ya faɗi a tsakuwa ya fi sau goma, gwiwarsa tana jini, ya ture fenariti da ƙafa. Mahauta suka rama biyun. Saura minti huɗu Adamu ya buga wata marar ƙarfi daga nesa, ta daki dutse, ta canza hanya, ta bi ta tsakanin ƙafafun Isaka. Muka ci uku da biyu.

Aka tashi mutanenmu suna ta tsalle, ni ina naɗe kaya a leda. Sai na ga inuwa a kaina. Isaka ne, yana share jini da gefen wando. Ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya sa karkataccen yatsansa a ƙarƙashin layin, kan ƙwallonmu ɗayar da ke wurin.

"Wannan tawa ce," in ji shi. "In ka je gida ka sa mata tawada."